Gaurakin da Suka Sha Ruwan Randar Inna

Shekarun baya, can wajen tsakiyar shekarun tamanin, lokacin gashin kaina yana nan cif kuma ina ganin babu wanda ya kai ni sanin duniya, aka mayar da ni aiki garinmu Illela a matsayin malamin daji. Ga yaran yanzu da ba su san shi ba, malamin daji shi ne ma'aikacin gwamnati mai lura da itatuwa da namun daji. Ina da kaki mai sitaci, da hular da nake karkatawa gefe ɗaya, da wani tsohon babur da ba ya tashi sai an tura. Idan na ratsa kasuwa sai in ga kamar kowa ni yake kallo. Daga baya na gane babur ɗin suke kallo, suna jiran ya mutu su yi dariya.

Kafin in dawo gida an tura mu wani ɗan kwas. A can aka karantar da mu cewa ƙasashen duniya sun zauna sun ƙulla yarjejeniya a kan namun daji da tsuntsayen da ke neman ƙarewa. Ba za a tsallaka da su daga wata ƙasa zuwa wata don sayarwa ba sai da izinin hukuma, wasu ma ko izinin ba a bayarwa. Najeriya ta sa hannu, Nijar ta sa hannu, gwamnatin soja ta lokacin kuma ta fitar da doka a kai. Wallahi abin ya shige ni. Na dawo ina wa'azinsa a teburin mai shayi safe da yamma, har abokina, wanda muka tashi tare, ya laƙaba mini suna lauyan tsuntsaye. Da na buɗe baki sai ya ce, "Lauya, don Allah bari in ƙare shayina. Ko zabuwa ba ta kawo ƙara ba yau."

Gidanmu gidan fatoma ne, wato masaukin fatake. Tun zamanin kakana 'yan kasuwar da ke gangarowa daga Ƙonni da Tawa na ƙasar Nijar a zaurenmu suke sauka, su ci tuwonmu, su ajiye kayansu, a shiga kasuwa da su. Doka ɗaya ce ta riƙe gidan: abin da baƙo ya sa a ɗakin ajiya amana ne. Ba a buɗewa, ba a tambaya, ba a miƙa shi ga kowa ko wane ne ya aiko. Da mahaifina ya rasu, baffana ya ci gaba da shiga kasuwa da baƙi, mahaifiyata kuma ta riƙe tuwo da makulli. Makullin nan kullum yana ɗaure a haɓar zanenta. Da abin da baƙi ke bari ake ciyar da ƙannena, don albashina a lokacin ko man babur da ƙyar yake isa.

Sai aka rufe iyaka. Wanda ya zauna Illela a shekarun nan ya san abin da nake faɗi. Ga fari ya cinye dabbobi, ga hanya a toshe, zaurenmu ya koma wurin kwanciyar awaki. Inna ba ta taɓa kokawa ba, amma duk jajibirin kasuwa sai ta sa a kore awakin, a share, a shimfiɗa tabarmi, alhali ta san babu mai zuwa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata in gaya muku. Ni ne ɗan fari a wurinta, kuma Inna tsohuwar hannu ce a wajen alkunya. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa cewa "ɗana" ba. Ina tsaye a gabanta za ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki ce ma wancan tuwonai na hucewa." In na yi faɗa da wani yaro tun ina ƙarami, ko ni ke da gaskiya ni za ta doka, don a wurinmu abin kunya ne a ga uwa ta goyi bayan ɗan farinta a gaban mutane. Na saba, amma ƙarya nake in na ce abin ba ya ɗan sosa mini rai.

Da aka buɗe iyaka, baƙon farko mai nauyi da ya dawo mana shi ne wani Alhaji daga wajen Tawa, aminin mahaifina. Baba nake ce masa. Shi ya sayo mini takalmin da na fara shiga makaranta da shi. Kuma shi ne gaba a cikin fataken yankinsu: inda ya sauka nan suke sauka, inda ya bari nan suke bari. Ranar da ya iso da mutanensa Inna ta sa aka yanka zakara, na ji tana waƙa ƙasa-ƙasa a bakin murhu, abin da na manta rabon da in ji. Aka shigar da kayansu ɗakin ajiya, buhunan wake da kanwa da fatu, ta kulle ta mayar da makulli haɓar zane.

Washegari da safe, ranar kasuwa, ina goge takalmi a tsakar gida sai na ji wani kuka daga ɗakin ajiya. Kuka ne mai kauri, kamar an busa ƙaho a cikin tulu. Na san shi sarai. Muna yara idan muka je Kalmalo wurin dangin Inna, da wannan kukan muke tashi, gauraki garke-garke a bakin tafki, kowanne da tukkunsa mai ruwan zinariya. Wasu mutanenmu kumare suke ce musu. Amma a lokacin da nake ba ku labari tafkin ya ja baya, masu tarko sun yi yawa, an daɗe ba a ga ko ɗaya ba.

Na leƙa, sai na tarar da ƙofar a buɗe, Inna a tsugune da ƙwarya a hannu. Gauraki biyu ne, an naɗe musu ƙafafu an cusa kowanne cikin buhu, wuya kawai a waje, an datse musu gashin fiffike. Ɗayan ya kwantar da kai a ƙasa, ido a lumshe. Inna ta ɗebo ruwan randarta tana tsoma masa baki a ciki. A iya sanina wannan ne karon farko da ta buɗe ɗakin nan ba tare da mai kaya ba. Ba ta dube ni ba. Na koma ɗaki na sa kakin nan.

Na sami Alhaji a zaure yana shan koko, mutanensa kewaye da shi, baffana a gefe. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, muka yi lahiya lau, ya gida, ya hanya. Sannan na ce, "Baba, akwai magana a kan tsuntsayen da ke cikin kayanka."

Ya yi dariya. "Ka gan su? Huɗu nid ɗauko, biyu sunka mutu ga hanya. Wani mutum na jira Kano, jirgi za shi sa su zuwa ƙasar Turawa. Mi na na?"

Na ce masa doka ta hana, kuma ba dokar Najeriya kaɗai ba, har ƙasarsa ta sa hannu. Na yi masa bayanin yarjejeniyar kamar yadda nake yi a teburin mai shayi.

Ya ajiye ludayi. "Tsuntsun Allah, wa ya ba gwamnati shi? Mutanen da sunka kamo su shanunsu sun ƙare, ɗiyansu na kwana da yunwa. Turawan da sunka rubuta dokar taka, su na masu saye. Ka tahi ka kama su."

Maganar tana da nauyi, ban musa ba. Na ce, "Shi ya sa aka ɗaure mai saye da mai sayarwa da igiya ɗaya, Baba. In ƙasa ɗaya ce ta hana, sai a tsallaka wata. Amma don Allah, yaushe rabonka da jin kukan gauraka a Kalmalo?" Na ce ya bar su a hannuna, ni kuma zan rubuta cewa shi da kansa ya miƙa su, babu kotu, babu tonon asiri.

Nan fa fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Cikin gidan ubanka za ka amshe kayan baƙo? Gidan da kakanka ya gina da amana?" Ya dubi mutanensa, ya sake dubana. "In kat taɓa su, ni da mutanena mun bar zauren ga, kuma har Tawa za a ji dalili."

Baffana ya ja ni bayan zaure, gumi yana keto masa. "Kai wane irin yaro na? Yanzu munka fara ganin baƙi. In ba ka iya kau da kai, bari shi hita da kayanai. In ya kama hanyar Sakkwato ka sa a tare shi can. Gida ya hita, aikinka ya hita, babu wanda zai san kai na."

Jama'a, na tsaya na yi tunanin wannan shawara, ba zan ɓoye muku ba, don tana da sauƙi. Amma na ga ba zan iya cin tuwo da mutum, in yi masa rakiya da fara'a, sannan in sa a tare shi a hanya ba. In zan ɓata da Baba, gara in ɓata da shi ido da ido. Na koma zaure na sake durƙusawa na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Tsuntsayen nan ba za su fita ba. A gabanka nake faɗa maka, don ba na son ka ji daga wani wuri."

Alhaji ya miƙe. Bai zage ni ba, ya yi abin da ya fi zagi ƙarfi. Ya taka zuwa ƙofar cikin gida, ya tsaya a bakin asabari ya ɗaga murya: "Hajiya, kina jin abin da wanga yaro ke hwaɗi?"

Duk wanda ke zauren ya san an gama da ni. Ni ma na sani. Uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban mutane, balle a gaban aminin mijinta, balle a kan abincin gidanta. Abin da kowa ke jira shi ne ta ce, "Ƙyale shi Alhaji, yaro na, ba shi da hankali," in sunkuyar da kai in fita da kakina.

Sannan muka ji muryarta daga bayan asabari, ba ƙarfi, ba rawa.

"Ku tambayar mani shi, dokar ga tashi ta shi kaɗai, ko har da ƙasar Alhaji anka yi ta?"

Baffana ya juyo gare ni kamar ban ji da kunnena ba. Na ce har da ita, da ƙasashe masu yawa, duk sun yi alkawari.

Ta ce, "To, alkawali na ke nan. Alhaji, ka san tun ranar da anka kawo ni gidan ga ban taɓa buɗe kayan baƙo ba. Yau na buɗe, don na ji abin da ke ciki na kuka, kaya kuwa ba su kuka. Na ba su ruwan randata sun sha. Wanda duk yas sha ruwan randar ga baƙona na, kamar yadda kake baƙona. Ba ni miƙa ka ga kowa, ba ni kuwa miƙa su." Ta ɗan tsaya. "Abin da ɗana yac ce, shi na maganar gidan ga."

Ɗana. Wallahi sai da na waiga in ga ko akwai wani a bayana. Baffana ya riƙe baki. Wani dattijo cikin fataken ya ce "La ilaha illallahu" a hankali. Ni kuwa malamin daji, mai kaki da hula a karkace, sai ga hawaye yana zubo mini a gaban fatake, na rasa abin gogewa sai hular.

Alhaji ya koma zaure. Ya sa aka kwashe wake da kanwa da fatu, aka bar buhu biyun nan a ƙasa, ya fita da mutanensa zuwa wani gida a can gefen kasuwa. Inna ta sa aka bi shi da tuwon ranarsa a rufe, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Aka dawo da kwanon ba a taɓa ba.

Na kai rahoto ga shugabana a Sakkwato. Ya ce tunda an datse musu fiffike ba za a sake su ba sai gashi ya fito, in riƙe su a gida in lura da su. To, kun ji inda na shiga bakin mutanen Illela. Mai hana ajiye gauraka, ga shi da gauraki biyu suna taƙama a tsakar gidansu. Abokina ya ce, "Lauya, ashe don kai ka samu kake hana mu." Zauren kuma ya koma na awaki, domin labari ya kai Tawa kamar yadda Alhaji ya ce. Miya ta rage nama, baffana ya daina amsa gaisuwata da kyau. Kullum ina jiran ranar da Inna za ta yi mini gori, ranar ba ta zo ba. Ta koma "wancan" ɗinta kamar ba a yi komai ba.

Ita ce ma ta fi ni kula da su. Tana watsa musu gero, tana sa a kamo musu fara, tana yi musu faɗa in sun tsoma baki a tukunya. Wanda ya kusa mutuwan nan ya warware, ya zama shi ne mafi rashin kunya. Wata safiya na fito na tarar suna rawa, suna tsalle suna buɗe fiffike suna sunkuya wa juna, Inna tana zaune a kan turmi tana dariya har da riƙe ciki. Da ta gan ni ta haɗe fuska ta ce wa ƙanwata a gaya wa wancan ya makara.

Da damina ta kankama gashinsu ya cika, ruwa kuma ya ɗan dawo Kalmalo. Abokina ya aro mana a-kori-kura. Inna ta ce baƙo ba ya tafiya ba rakiya, ta yafa mayafi ta biyo mu har ƙofar zaure, ta zuba gero a ƙwarya ta ce guzurinsu ne. A bakin tafki masunta da manoma suka taru. Na shirya jawabi a kan yarjejeniyar duniya, na buɗe kwando, na gyara murya. Tsuntsayen nan ko kallona ba su yi ba, suka shiga ciyawa suna tsince-tsince kamar kajin gida, har mutane suka fara dariya. Can sai ɗayan ya miƙe wuya ya yi kukan nan, ya ɗan ruga, ya tashi. Ɗayan ya bi shi. Suka kewaya tafkin suka miƙe arewa. Abokina ya dafa kafaɗata ya ce, "Lauya, ga su can za su tsallaka iyaka ba takarda. Hau babur ka kamo su."

Gidan bai sake cika kamar zamanin kakana ba, gaskiya ke nan. Amma bayan kaka sai ga dattijon nan da ya yi salati a zaure ya dawo da jakunansa. Baffana ya yi mamaki ya tambaye shi. Ya ce ya kwana gidaje da yawa inda ake yi wa mutum dariya a zaure a sayar da shi a hanya, shi ya fi son gidan da za a gaya masa magana a gabansa. Ashe ya ji shawarar da aka ba ni a bayan zaure, don katangar ba ta da kauri. Bayansa wasu suka biyo, kaɗan-kaɗan, har awaki suka sake rasa wurin kwana.

Alhaji kam bai sake kwana a gidanmu ba. In mun haɗu a kasuwa ina durƙusawa, yana amsawa a taƙaice ya wuce. Sai ranar da Allah ya yi wa Inna rasuwa, shekaru da yawa bayan haka. Muna zaman makoki sai ga shi an riƙo shi, ya tsufa tukuf, ya taso tun daga Tawa. Ya yi addu'a, ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba. Sannan ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Ka dai san ni nis sa ta kira ka ɗanta. Ba don ni ba, da har ta tahi ba ka ji ba." Muka yi dariya muna kuka, mutane suna kallonmu.

Na yi shekaru ina aikin nan, na tare fatun kada da na mesa, na je taruka inda manya ke magana a kan dokokin duniya da manyan kalmomi. Har yau in an tambaye ni mene ne amfanin ƙasashe su haɗu su sa hannu a kan tsuntsu, abin da Inna ta gane a bayan asabari shi nake faɗa: tsuntsun baƙon kowa ne, in gida ɗaya ya miƙa shi, amanar sauran gidajen ta tashi a banza. Ban san abin da ya sami gaurakin nan biyu ba bayan sun ɓace mana a arewa, kuma na daɗe ban ji kukan irinsu a Kalmalo ba. Amma ban taɓa nadama ba, ina alfahari da ranar nan fiye da duk wata takardar yabo da aka taɓa ba ni a wurin aiki. Inna ba ta sake cewa "ɗana" ba har ta koma ga Allah. Sau ɗayan nan ne, kuma ya ishe ni.